Yadda muka nemo wa Baba na'urar naɗar shirye-shirye a Birmingham

Baba ya zo mana ziyara daga Zariya a farkon bazarar Turawa, kuma ba a jima ba ya fara ƙorafin cewa lokutan sallar ƙasar nan sun hana shi kallon labarai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Birmingham sai wajen ƙarfe 9:30 na dare, don haka kafin ya idar da Magariba ya gama lazimi, labaran BBC na ƙarfe 10 sun yi nisa. Tsohon malamin makaranta ne wanda ba ya kwanciya bai ji halin da duniya take ciki ba, shi ya sa muka tafi wani babban kantin kayan lantarki neman na'urar da za ta naɗa masa shiri ya kalla a lokacin da ya ga dama.

Abin da ya faru a kantin har yanzu yana raina. Matashiyar da ta tarbe mu ta ji cewa na'urar ta Baba ce, sai ta bar ni tsaye da kuɗina ta juya gare shi. Ta tambaye shi ko yana karatu da tabarau, ko yatsunsa suna yi masa ciwo, da irin shirye-shiryen da yake so. Ta ɗauko rimot iri-iri tana sa masa a hannu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ya nemo maɓallin naɗa da na tsayarwa da kansa. Da na nuna wata mai tsada wadda aka cika da manhajojin intanet, sai ta ce a ganinta ba za ta dace da shi ba, domin kowace manhaja tana neman rajista da kalmar sirri, kuma dattijo yakan ɓata a cikin allon ya kasa komawa tasharsa. Mai sayar da kaya ce take hana ni sayen mai tsada! Baba ya dube ni ya ce da Hausa, “Yarinyar nan an yi mata tarbiyya.”

Daga bayaninta na fahimci abin da ya kamata a duba. Tashoshin da ake kamawa da eriya ba tare da biyan kuɗin wata ba suna ƙarƙashin Freeview, wanda ya fara a 2002, na tauraron ɗan Adam kuma Freesat ne, tun 2008, kuma kamfanoni irin su Humax da Manhattan da Panasonic sun yi na'urorin da ke aiki da su. Girman rumbun ajiya ba shi ne abin damuwa ba, tunda gigabait 500 kan ɗauki fiye da sa'o'i 200 na hoto na yau da kullum. Abin lura shi ne rubutun jadawali ya zama manya, na'urar ta iya naɗar wata tasha ana kallon wata, ta kuma riƙa naɗar shiri duk ranar da aka sa shi bayan an umarce ta sau ɗaya. Baba kuwa maɓallin tsayarwa ne ya sace masa zuciya, domin yanzu yakan dakatar da mai karanta labarai a tsakiyar magana, ya je ya yi salla, ya dawo ya ci gaba daga inda ya bari.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Ko rimot ɗin da muka zaɓa yana da maɓallai kusan arba'in, ƙanana, baƙaƙe a kan baƙi, sai da na manna farin salatif a gefen waɗanda yake buƙata. Ga kuma lasisin talabijin, fam 174.50 a shekara a farashin da aka sa a Afrilun 2025, wanda doka ta wajabta ko naɗar shiri kawai mutum yake yi, kuma tarar rashinsa kan kai fam 1,000. Baba ya kasa yarda cewa ana biyan haraji a kan kallon abin da aka ce kyauta ne. Babu kuma tashar Hausa ko ɗaya a ciki, Arewa24 sai dai ya leƙa ta a waya.

Duk da haka, idan na tuna yadda ake sayen dikoda a gida sai raina ya ɓaci. Mu ne masu durƙusa wa dattijo, amma a shago sai a miƙa masa kwali a ce ai yara za su nuna masa, a kuma rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. A nan dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai lahani a biya shi kuɗinsa cif. Lokacin da mutanen Birtaniya suka sauya zuwa talabijin na dijital, aikin da suka kammala a 2012, har shiri na musamman suka yi wa masu shekara 75 zuwa sama, ana zuwa gida a haɗa musu na'ura a koya musu. Mu an ƙaddamar da namu a Jos a 2016, ya iso Kano a 2021, kuma ban taɓa jin an tambayi wata tsohuwa ko tana ganin rubutun allo ba.

Sai dai na san dalilin wannan kulawa, kuma ba abin sha'awa ba ne. Tsofaffi da yawa a nan su kaɗai suke zaune, babu jikan da za a kira ya canja tasha, dole na'ura ta tsaya a madadinsa. A Zariya Baba bai taɓa riƙe rimot ba, daga kan tabarmarsa yake ba da umarni yara suna rige-rigen dannawa, ana gardama a kan ƙwallo har a kira Isha. A nan ni da matata muna wurin aiki, shi da akwatin ne kawai har yamma.

Yanzu ya dage sai ya tafi da na'urar gida. Na gaya masa cewa filoginta zai shiga soket ɗinmu, amma jadawalin da take dogaro da shi na Birtaniya ne, kuma ɗauke wuta a tsakiyar naɗa yana iya lalata rumbun. Ya ce in bar wannan a hannunsa, akwai wani yaro mai gyaran rediyo a unguwarsu da babu abin da ke gagararsa.