Sharhi: direban kyauta da ya daidaita mini tirakfad ɗin MacBook a kan Windows

Duk wanda ya saba aiki da MacBook ya san cewa tirakfad ɗinta, wato shimfiɗaɗɗen gilashin da ke ƙasan madannai, yana cikin abubuwan da ke sa mutum ya shaƙu da na'urar. Sai dai wannan jin daɗin yana tattare ne da macOS, tsarin aikin da Apple ke sa wa kwamfutocinsa. Da zarar an kunna Windows a kanta ta hanyar Boot Camp, manhajar Apple da ke ba da damar saka Windows a kan kwamfutar Mac, musamman idan an ƙera ta kafin shekarar 2018, yawancin abin da yatsu suka saba yi ba ya samuwa. Wannan sharhi a kan wani direba ne na kyauta, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa wani sashe na kwamfuta da tsarin aikinta, mai suna Mac Precision Touchpad, wanda ake samu a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kuma na daɗe ina aiki da shi a nan Sakkwato a kan MacBook Pro mai inci 13 ƙirar 2015 da na saya ta hannu.

Sana'ata zanen taswira ce, mafi yawa ta gonaki da fadamun da ke bin kogin Rima daga wajejen Goronyo zuwa Wamakko, kuma manhajar da nake dogara da ita, ArcGIS Pro, a kan Windows kaɗai take aiki. Ban kuwa zama ni kaɗai ba a wannan hali, domin na san ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu zanen gine-gine da suka sayi irin wannan na'ura saboda ƙarkonta da kyan fuskarta, daga baya aiki ya tilasta musu zama a ɓangaren Windows. Kamfanin Apple ya buɗe wannan ƙofa tun 2006, shekarar da ya koma amfani da masarrafan Intel, sannan ya shigar da Boot Camp cikin tsarin aikin Mac mai suna Leopard a 2007. Direban tirakfad da ke zuwa tare da shi a tsofaffin na'urori yana ba da abubuwan farko ne kawai: taɓawa da yatsa ɗaya a matsayin dannawa, yatsu biyu a matsayin dannawar dama, gungura shafi da yatsu biyu, da jan abu daga wuri zuwa wuri. Babu motsin yatsu uku ko huɗu, gungurawar kuma tana tafiya ne tsalle-tsalle, layi uku ko fiye a lokaci guda.

Dalilin hakan shi ne ya fi muhimmanci a fahimta, domin shi ke bayyana abin da sabon direban ke yi. Tsohon tsari yana gabatar da tirakfad ga Windows a matsayin linzamin kwamfuta (mouse) na yau da kullum. Direban ne ke duba yatsun da ke kan gilashi, ya yanke hukunci a kan abin da suke nufi, sannan ya aika wa Windows saƙon da linzami zai iya aikawa: kibiya ta matsa, an danna maɓalli, ƙafar gungurawa ta juya. Kamar tafinta ne da ke gutsure magana, mai magana ya yi dogon bayani, shi kuwa ya isar da kalma biyu. A shekarar 2013, tare da Windows 8.1, kamfanin Microsoft ya fito da wani tsari da ya kira Precision Touchpad, inda na'ura ke aika wa Windows wurin da kowane yatsa yake a kowane lokaci, Windows ɗin da kansa ya fassara motsin. Windows 10, wanda ya fito a watan Yuli na 2015, ya gina motsin yatsu uku da huɗu a kan wannan tsari. Aikin Mac Precision Touchpad ke nan gaba ɗaya: ya karanta bayanan yatsu daga tirakfad ɗin Apple, ya miƙa su ga Windows a siffar da wannan tsari ya tanada. Gilashin da na'urorin da ke ƙarƙashinsa ba su canza ba, wanda ke fassara motsin ne ya canza.

Apple ma daga baya ya bi wannan hanya, domin a watan Yuni na 2021 ya saki Boot Camp 6.1.15 mai goyon bayan Precision Touchpad, amma ga na'urorin da ke da guntun T2 kawai, wani guntun tsaro na Apple, waɗanda a ɓangaren laftof suka fara daga 2018. Saboda haka duk mai irin waɗannan ya fara sabunta Boot Camp ɗinsa kafin ya nemi wani abu daga waje. Mu masu na 2017 zuwa baya ne muke da buƙatar direban da nake magana a kai.

Sakawa ba ta da wuya. Ana sauke ƙunshin daga shafin aikin, a warware shi, a nemi fayil mai suna AmtPtpDevice.inf, a danna shi da dannawar dama a zaɓi Install, sannan a sake kunna kwamfuta idan buƙata ta taso. Ƙunshin ƙarami ne, ba zai cinye datar mutum ba. Kafin in fara, na ajiye wurin komawa na Windows (restore point), wanda ke mayar da kwamfuta yadda take idan abu ya lalace, na kuma sa linzamin USB a gefe, domin a daidai lokacin da ake sauya direba kibiya kan tsaya cak na ɗan lokaci, kuma wanda ba shi da wata hanyar danna abu zai iya shiga ruɗani. Idan akwai wata manhajar tirakfad ta daban da aka taɓa sakawa, wajibi ne a cire ta tukuna. Ni na taɓa amfani da wata irin wannan, wadda ta ƙara motsin yatsu uku da huɗu ta hanyarta, amma tana neman a riƙa sake sauke ta a kai a kai, abin da bai dace da wanda ke kwana a ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa ba.

Alamar cewa aiki ya yi kyau ita ce a shiga Settings na Windows 10, a buɗe Devices, a zaɓi Touchpad, a tarar da layi a sama yana cewa kwamfutar tana da tirakfad na Precision, ga kuma jerin zaɓuɓɓukan da a da babu su. Daga nan duk wani gyara a wannan shafi ake yinsa, ba a allon Boot Camp ba.

Abin da hannuna ya fara lura da shi shi ne gungurawa. Na buɗe wani dogon rahoto na PDF mai ɗauke da jadawalin ma'aunin filaye, na ɗora yatsu biyu na ja a hankali, sai shafin ya bi yatsun daidai gwargwadon tafiyarsu, na tsaya ya tsaya, na wurga su ya ci gaba da gangarawa yana rage gudu har ya lafa. Ga wanda ke bin lambobi layi bayan layi yana kwatanta su da abin da ya rubuta a littafin fili, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsallen layi uku yana sa ido ya ɓace daga inda yake, kuma daga nan kuskure ke shiga lissafi. Haka nan juya alƙiblar gungurawa, wadda a da sai an shiga rijistar Windows, inda yake ajiye saitunansa na ciki, an canza wata ƙima mai suna FlipFlopWheel, yanzu zaɓi ɗaya ne a cikin jeri.

Motsin yatsu uku ne ya fi canza yadda nake aiki. Idan na tura su sama, duk tagogin da ke buɗe za su bayyana a jere. Idan na ja su ƙasa, fuskar kwamfuta ta koma fili. Idan na kai su dama ko hagu, in sauya daga wannan manhaja zuwa waccan. Yatsu huɗu kuwa suna ratsa tsakanin teburan aiki daban-daban da Windows 10 ke ba da damar buɗewa. Na saba ajiye taswira a tebur ɗaya, jadawalin Excel a na biyu, hotunan da na ɗauko daga fili a na uku, kuma a fuska mai inci 13 wannan tsari ya maye mini gurbin fuska ta biyu da ba zan iya ɗauka zuwa Kware ko Goronyo ba. Na kuma mayar da taɓawar yatsu uku ta zama maɓallin tsakiya na linzami, wanda ke buɗe mahaɗi a sabon shafi ya kuma rufe shafi a burauza. A ganina wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan buɗe akwatin bincike da Windows ya sa a wurin tun asali.

A kan matse yatsu biyu ko buɗe su don ƙara girman abu, dole in bambanta. A burauzar Edge da Chrome, da manhajar hotuna ta Windows, abin yana tafiya sumul, har mutum ya kai hoton tauraron ɗan'adam daidai girman da yake so ya ga iyakar wata gonar albasa da ta maƙwabciyarta. A manhajojin da aka gina su da tunanin linzami kuwa, Windows yana mayar da motsin ne zuwa juyin ƙafar gungurawa, don haka girman yana ƙaruwa mataki-mataki. A manhajar taswira ma, jan yatsu biyu sama ko ƙasa ba ya matsar da taswirar, kusantowa yake yi ko nisantawa, domin abin da ƙafar linzami ke nufi ke nan a wurinta. Har yanzu idan zan zana iyakar fili mai kusurwoyi da yawa, linzami nake ɗaukowa, kuma ba na ganin akwai direban da zai raba mai wannan sana'a da shi.

Akwai kuma abubuwan macOS da ba a samu. Jan taga da yatsu uku babu shi, saboda Windows ya ba yatsu uku wani aikin. Tirakfad ɗin ƙirar 2015 irin na Force Touch ne, wanda ba ya lotsawa da gaske, wata 'yar na'ura ce a ƙasa ke bugawa ta sa yatsa ya ji kamar an danna. Wannan bugun yana nan a Windows, amma dannawa ta biyu mai zurfi ba ta yin komai. Wajen kau da kai daga tafin hannu idan ya gogi gefen gilashi ana cikin rubutu, macOS ya fi ƙwarewa, ko da yake rage ƙarfin jin tirakfad a Settings zuwa matsakaici ya wadatar da ni.

Wani ɓangare da nake so masu karatu na nan yankin su kula da shi shi ne matsalolin da ake ɗora wa direba alhali ba nasa ba ne. Tirakfad yana gane yatsa ne ta ɗan canjin lantarki da fata ke haddasawa a saman gilashi, don haka duk abin da ya dagula wannan zai sa kibiya rawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗigon gumi ɗaya a kan gilashin yana iya zama yatsa na biyu a wurin na'ura, mutum yana son matsar da kibiya sai shafi ya fara gungurawa. Da hunturu kuwa ƙura ce da man da muke shafawa saboda kaushi, su haɗu su yi dauɗa a saman gilashin. A kashe na'ura a goge da ƙyalle mai laushi da ɗan danshi kaɗan, magana ta ƙare. Mafi rikitarwa ita ce matsalar wuta. Na ga kibiyata tana tsalle ita kaɗai a wani ofishi da ke kan janareta, ina amfani da wata caja mai araha da na saya don tafiya, kuma ina zare ta daga jikin na'urar kibiyar ta natsu. Caja marar inganci ko soket marar wayar ƙasa suna shigar da hayaniyar lantarki cikin jikin na'ura, wanda na alminiyom ne, tirakfad kuma ya ɗauke ta a matsayin taɓawa. Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja a gani. Idan abin ya daina, a nemi caja ta asali da doguwar wayarta mai baki uku, kada a wahalar da kai wajen cirewa da mayar da direba. Idan kuma aka ga gilashin ya fara tasowa ko ƙasan na'urar ya yi tozo, batir ne ya kumbura, domin a ƙarƙashin tirakfad yake kwance kuma zafi na gaggauta lalacewarsa. Wannan a daina caji a kai wa mai gyara ba tare da jinkiri ba.

Game da amana, direba ba kamar sauran manhajoji ba ne, domin yana aiki ne kusa da zuciyar tsarin kwamfuta. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne lambobin da aka rubuta direban da su (source code) a buɗe suke ga duk mai son dubawa, kuma ƙunshin da aka saki yana ɗauke da sa hannun dijital, shaidar da ke tabbatar da asalinsa, wanda Windows ke karɓa ba tare da an kashe wata kariya ba. Amma wannan amanar ta ƙunshin da aka sauke daga shafin aikin ce kawai. Al'adar nan ta miƙa wa mai shago kwamfuta ya zuba direbobi daga filashin da ya shiga na'urori ɗari ba ta dace da wannan ba, kuma duk wanda ya ce sai an kashe kariyar sa hannu kafin ya saka, to ba ainihin ƙunshin ne a hannunsa ba. Ya kamata kuma a duba jerin na'urorin da ke shafin kafin a fara, domin wasu ƙirar 2016 da 2017 suna haɗa tirakfad ɗinsu ta wata hanya daban da ake kira SPI, kuma goyon bayansu bai kai na waɗanda ke bin USB inganci ba.

Ga wanda ya riga ya mallaki MacBook mai Intel ta kafin 2018 kuma aikinsa na kan Windows, muddin ƙirarta na cikin jerin da ke shafin, ina ba da shawarar wannan direba ba tare da wata tantama ba. Wanda kuwa yake shirin sayen irin wannan na'ura yau domin ya sa mata Windows, ya dakata ya yi lissafi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro da ya ba masu rajista zuwa Oktoba 2026, Windows 11 kuma yana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda waɗannan na'urori ba su cika sharaɗinsa a hukumance ba. Sababbin MacBook masu guntun Apple na kansa, daga M1 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a Nuwamba 2020, ba su da Boot Camp kwata-kwata. Mai sayen sabuwa don aikin taswira ko zanen gini gara ya nemi laftof ɗin da aka ƙera domin Windows, ya buɗe shafin Touchpad tun a shago ya tabbatar tirakfad ɗin na Precision ne kafin ya biya kuɗi.