Kai kukan gwamnatin Birtaniya daga waje: yadda ofishin PHSO ke aiki

Wanda ya yi shekaru yana aiki a Birtaniya ya dawo gida, sai kuɗin fanshonsa suka maƙale, ko aka yi wata da watanni ana yawo da takardunsa, yana da inda zai kai kuka. Wurin shi ne PHSO, ofishin sauraron koke-koken jama'a kan ma'aikatun gwamnati, wanda ya samo asali daga dokar 1967. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba sai da lauya ba. Bincikensu na da zurfi, amma ƙofar shiga ta yi wa na waje ƙunci.

Ba za su duba kukanka ba sai ka gama da ma'aikatar da ta ɓata maka. In fansho ne, ka rubuta wa sashen DWP (ma'aikatar ayyuka da fansho) mai kula da 'yan fansho mazauna waje, ka bi matakansu har su ba ka amsar ƙarshe a rubuce. Daga nan kana da wata 6 ka kai wa mai bincike mai zaman kansa da ake kira ICE. Sai shi ma ya ba ka tasa amsar kafin ka nufi PHSO. Adana amsoshin da kyau, domin su ake fara tambaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sa hannun ɗan majalisa. Doka ta ce kukan ya biyo ta hannun ɗan Majalisar Wakilai ta Birtaniya, har fom ɗin ma yana da gurbin da zai sa hannu. Mazaunin Kano ko Kumasi ina zai samo ɗan majalisa? Hanyar da aka buɗe ita ce ya tura wa shugaban PACAC, kwamitin majalisar mai sa ido kan harkokin gudanar da gwamnati, shi kuma ya miƙa. Da yawa ba su san da ita ba, sai su tura fom kai tsaye a dawo musu da shi. Ana cikin haka lokaci na tafiya, domin wata 12 ake ba mutum daga ranar da ya fara sanin matsalar, ba daga ranar amsar ƙarshe ba. In an wuce, rubuta dalili da ranakun kowace wasiƙa. Suna da ikon ɗaga ƙafa, sai dai ba tilas ba ne.

Akwai kuma sharaɗin zama. Wanda ba ya ƙasar, dole abin ya same shi yana can, ko ya shafi haƙƙin da ya samu a can. Fansho ya shiga ciki. Mai neman biza da bai taɓa taka ƙasar ba kuwa, da wuya ya tsallake.

Abin da suke dubawa shi ne sakaci: jinkiri, ɓatar da takarda, bayanin da ya ɓatar da mutum. Ba sa taɓa manufar gwamnati. Fanshon mazaunin Najeriya ba ya samun ƙarin shekara-shekara, abin da ciwo, amma tsari ne, ofishin ba zai iya sauya shi ba.

In sun gano laifi, sukan ce a ba da haƙuri, a gyara, ko a biya diyya. Shawara ce, ba hukuncin kotu ba. Galibi ana bi, amma a Maris 2024 sun ba da shawarar diyyar fam 1,000 zuwa 2,950 ga matan da aka makara wajen sanar da su ƙarin shekarun fansho, a Disamba gwamnati ta ce ba za ta biya ba.