Filin Jirgin Saman Kaduna: Fasinja Ko Dakon Kaya?

Ana yawan tambayata makomar filin jirginmu, wanda kamfanoni suka ƙaurace wa bayan harin 'yan bindiga na Maris 2022: a nemo fasinja ne, ko a koma dakon kaya?

Fasinja ya fi sauƙi, tunda ginin na nan. Filin nan ne ya karɓi jiragen Abuja na mako 6 a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja don gyara. Matsalar, jirgin ƙasan Abuja da ke tashi daga tashar Rigasa a Kaduna ya kwashe matafiya, kuma ba kamfanin da zai jure tashi da kujeru fayau.

Dakon kaya kuwa sai an zuba kuɗi: rumbuna, ɗakunan sanyi, jami'an kwastan. Amma akwai cittar Kachia da kayan lambu da za a riƙa dako, shi ya sa nake ganin zai fi ɗorewa.

Ma'aikata da 'yan kasuwa masu zirga-zirgar Legas, fasinja ne nasu. Manoma da masu fitar da kaya waje, dako ne zai amfane su.