Gargaɗi kan masu sayar da rangadin bogi zuwa ƙauyukan zabibi na Malaga

'Yan'uwa mazauna Turai da masu shirin zuwa Sifaniya hutu, a yi hattara da tallan rangadin yini ɗaya zuwa ƙauyukan zabibi na lardin Malaga, irin wanda ake turowa a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Ƙauyukan suna nan, zabibin na gaske ne, akwai kuma kamfanoni masu rajista da ke kai mutane su dawo da su lafiya. A bayan waɗannan ne 'yan damfara ke fakewa. Sukan kwashi hotunan mutane, su liƙa musu lambar waya, su karɓi kuɗin jama'a. Abin da ke ba su sa'a shi ne yawancin masu biya ba su san wurin ba, ba su kuma san lokacin da ake aikin zabibi ba. Wanda ya san waɗannan biyun zai gane tallan ƙarya tun kafin ya taɓa aljihunsa.

Yankin sunansa Axarquía, a gabas da birnin Malaga. Hanyar zabibi, wadda 'yan ƙasar ke kira Ruta de la Pasa, ta ratsa ƙauyuka shida: Totalán, Comares, Cútar, El Borge, Almáchar da Moclinejo. Tsawonta kimanin kilomita 60 ne, amma kada wannan ya ruɗe ku. Hanya ce ta kan dutse, siririya, kwana bayan kwana, mota ba ta gudu a kanta. Cikin ƙauyukan kuma lunguna ne masu hawa da matakala, dole a ajiye mota a bakin gari a taka da ƙafa. Rangadin kirki na yini ɗaya ƙauye biyu ko uku yake ɗauka, har da tsayawa a gona da cin abincin rana. Duk tallan da ya ce za a zaga shidan, a biya ta kogon Nerja, a kuma shiga fadar Alhambra a Granada kafin magariba, wanda ya rubuta shi ko dai bai taɓa taka wurin ba, ko kuma ba ya da niyyar kai kowa. Granada kaɗai tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce daga Malaga. Tikitin Alhambra kuwa da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yankarsa, an kuma ƙayyade sa'ar shiga fadojin ciki. Wanda ya ce ya tanadar muku tikiti alhali bai tambayi lambar fasfonku ba, bai tanadi komai ba.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne ƙaryar ta fi saurin fitowa. Inabin da ake yin wannan zabibi da shi nau'in Moscatel ne na Iskandariyya. Ana fara yankansa a watan Agusta, a ci gaba zuwa cikin Satumba. Gangaren gonakin ya yi tsanani har tarakta ba ta iya shiga, don haka da hannu ake yanka, a zuba a akwatuna, alfadarai su hauro da su. Daga nan a shimfiɗa nonnan inabin ɗaya bayan ɗaya a mashanya da ake kira paseros. Fili ne mai kusurwa huɗu a jikin gangare, yana fuskantar kudu don ya sha rana, an kewaye shi da ɗan gini mai farin fenti, da sanda a tsakiya wadda ake ɗora tamfol a kai idan hadari ya taso ko raɓa za ta sauka da dare. Shanyar takan ɗauki mako biyu zuwa uku, gwargwadon zafin rana, a tsakiya kuma a juya kowane nono da hannu don ɗaya gefen ya bushe. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanyen inabi ne ke ba da kilo ɗaya na zabibi. Bayan an kwashe sai iyali su zauna a inuwa da ƙananan almakasai suna tsinke ƙwaya ɗaya-ɗaya, suna ware manya da ƙanana, aikin da kan ja har cikin kaka.

Ma'anar wannan ita ce, idan aka tallata muku "ku zo ku ga ana shanya zabibi" a watan Disamba ko Maris ko Mayu, ƙarya ce tsagwaronta. A waɗannan watanni mashanyar wayam take. Ana iya zuwa a ga ƙauyukan, a shiga gidan tarihin zabibi na Almáchar, a sayi zabibin bara, kuma kamfanin gaskiya haka zai faɗa muku ƙarara. Bukukuwan ma duk a Satumba suke: na miyar ajoblanco a Almáchar a farkon wata, na manoman inabi a Moclinejo, sai ranar zabibi a El Borge a Lahadi ta uku. Shiga gari a ranakun nan kyauta ne, saboda haka mai sayar muku da "tikitin shiga biki" iska yake sayar muku.

Damfarar kala uku ce, kuma ba duka ke da sauƙin ganewa ba.

Ta farko ita ce wadda babu rangadin sam. Shafi sabo, hotuna masu kyau, farashi ƙasa da na kowa, sai a ce kujera biyu ta rage, a biya kafin alƙalami yau ko a ba wani. Za a ce ku tura ta Bizum, wato hanyar tura kuɗi ta lambar waya a Sifaniya, ko Western Union, ko asusun wani mutum, wani lokaci ma asusun naira ko na sefa, wai don a sauƙaƙa muku canji. Ana gobe tafiya sai saƙo ya zo cewa mota ta lalace, an ɗaga zuwa mako mai zuwa, lokacin da suka san jirginku ya riga ya tashi. Daga nan lambar ta daina shiga.

Ta biyu ta fi wayo, domin mota takan zo. Sai dai motar gida ce, ba ta da izinin ɗaukar fasinja, kuma idan aka yi hatsari a waɗannan kwanoni inshorarta na iya ƙin biyan wanda aka ɗauka don kuɗi. A Sifaniya tasi da motocin haya masu direba waɗanda ba su wuce kujera tara ba suna da lambar baya shuɗiya mai farin rubutu. Ku zaga bayan motar ku duba kafin ku shiga. Irin wannan direba yakan tsaya a bakin titi ya nuna muku mashanya daga nesa, ku ɗauki hoto, sannan ya kai ku wani shago inda yake da kamasho. Ba gonar da za ku shiga, ba manomin da za ku gaisa da shi. Mashanyar nan mallakar iyalai ce, ba wurin gwamnati ba, ba a shiga sai da yardar mai ita. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: gonar wa za mu shiga, a wane ƙauye, da ƙarfe nawa? Mai gaskiya zai amsa nan take. Maƙaryaci zai ce "gonaki da yawa".

A shagon kuma sai a sayar muku da zabibin da ba na wurin ba a farashin na wurin. Zabibin Malaga babba ne, baƙi mai ratsin shuɗi-shuɗi, mai tsoka da taushi, yana ƙamshin Moscatel, kuma yana da ƙwallo a ciki. Sau da yawa da guntun sandarsa ake sayar da shi, ko ma nono guda a jere cikin kwali. Ƙananan zabibi masu ruwan zuma marasa ƙwallo, irin wanda muka saba gani a kasuwa lokacin azumi, wani nau'i ne daban da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Turkiyya da Iran, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ba laifi ne a ci shi ba, laifin a ce muku na El Borge ne. Kwalin da ke ɗauke da sunan Pasas de Málaga mai kariya yana da tambarin Tarayyar Turai ja da rawaya, da alamar hukumar da ke kula da sunan. Idan kuna saye kai tsaye a hannun manomi ba lallai ku ga tambari ba, sai ku duba girma da ƙwallo, ku ɗanɗana. Wani abu kuma, za ku ga tallan da aka manna wa tambarin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Gaskiya ne a 2017 hukumar ta sanya noman zabibin Axarquía cikin tsare-tsaren noma na gado masu muhimmanci a duniya. Amma noman ta karrama, ba ta ba wani mai mota lasisin yawo da baƙi.

Akwai ɓangaren da ake yi wa Musulmi musamman, kuma shi ya fi ɓata mana rai, domin da ƙaunar tarihin Andalus ake kama mutane. Za a rubuta "rangadin halal, za a ga Alƙur'anin Cútar da masallatan da". Alƙur'anin gaskiya ne: a 2003 aka same shi da wasu littattafai biyu a ɓoye cikin bangon wani gida a Cútar ana cikin gyara. Amma ainihin littattafan suna ma'ajiyar tarihi ta lardi a birnin Malaga, ba a ƙauyen ba. Tsoffin hasumiyoyin da aka fi sani a yankin kuwa suna Árchez da Salares, kan wata hanya daban, kuma yau hasumiyoyin coci ne. Batun abinci ma a yi tambaya dalla-dalla. Da wannan inabin ake yin giyar Moscatel, kuma rangadi da yawa sun haɗa da ɗanɗanon giya a matsayin babban abin da aka biya. Girkin ƙauyukan yana yawan amfani da naman alade da kitsensa. Ajoblanco dai almon ne da tafarnuwa da burodi da man zaitun da ruwan tsami, ana sha da sanyi da ƙwayoyin inabi. Ku nemi sunan gidan abincin a rubuce, ku kira su da kanku.

Damfara ta uku ita ce ta biza, kuma waɗanda ke gida Najeriya da Nijar ake nufi da ita. Ana cewa idan ka biya rangadin za a ba ka "takardar gayyata" da za ta fito maka da biza. Rasidin yawon yini ɗaya ba gayyata ba ne. Ofishin jakadancin Sifaniya ne kaɗai ke yanke hukunci kan biza. Kuɗin bizar Schengen ta ɗan gajeren zama Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri. Takardar bogi a cikin fayil kan jawo a hana mutum, ta kuma ɓata masa suna a nema na gaba.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi cikakken sunan kamfani da lambar harajinsa, wato NIF, da adireshinsa, da lambar rajistarsa a Registro de Turismo de Andalucía, wato rajistar masu harkar yawon buɗe ido ta yankin Andalus, inda Malaga take. Rajistar a buɗe take a shafin gwamnatin Andalus, kowa na iya bincikawa. Kada ku tsaya a ganin lambar ta fito, domin ana satar lambar kamfanin gaskiya. Ku ɗauki lambar wayar da ke shafin kamfanin na ainihi, ba wadda ke jikin talla ba, ku kira ku tambaya ko wannan rangadi nasu ne. Asusun bankin Sifaniya da ES yake farawa, haruffa da lambobi 24 ne, kuma sunan mai asusun ya zama na kamfanin. Ku biya da kati, domin shi ne ke da hanyar neman a dawo da kuɗi ta banki idan ba a yi aikin ba. Kuɗin da aka tura ta Bizum ko Western Union da wuya ya dawo. Ku karɓi takarda mai ɗauke da ranar tafiya, wurin haɗuwa, ƙauyukan da za a shiga, abin da kuɗin ya ƙunsa da sharaɗin fasawa. Wannan sharaɗi yana da nauyi saboda dalili biyu: damar fasa sayayyar intanet cikin kwana 14 ba ta shafi yawon da aka sa wa rana ba, kuma tafiyar da ba ta kai awa 24 ba, ba a kwana, ba ta shiga kariyar dokar tafiye-tafiyen haɗaka. Abin da aka rubuta muku shi ne abin da za ku riƙe. Kada kuma ku tura hoton fasfo ga shafin da ba ku tantance ba, da shi ake buɗe asusun da za a cuci wani.

Wanda ya riga ya biya, ya kira bankinsa yau, ba gobe ba, ya nemi a toshe katin a buɗe ƙorafi. Ya ɗauki hoton tallan da hirarrakin da rasidin tura kuɗi kafin a goge shafin. Idan yana Sifaniya ya je ofishin Policía Nacional a birni, ko Guardia Civil a ƙauye, ya shigar da ƙara, wato denuncia, ya karɓi kwafi, domin banki kan nema. Lambar 017 kyauta ce, ta neman shawara kan damfarar intanet. Idan kamfanin yana nan da ofishinsa amma bai cika alkawari ba, a nemi hoja de reclamaciones, takardar ƙorafin da doka ta wajabta wa masu kasuwanci a Andalus su bayar, a cike, a riƙe kwafi, in ba a sami amsa mai gamsarwa ba a kai ofishin kare masu saye na ƙaramar hukuma, OMIC. Wanda aka yasar a kan hanya cikin zafin Agusta, musamman da yara ko tsofaffi, ya kira 112. Daga baya idan wani ya kira ya ce shi lauya ne, zai ƙwato muku kuɗinku in kun biya wani abu tukuna, kada ku tura. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabuwar lamba.