Na sa wa LS430 Michelin Primacy 4: tayar ta yi, mai shagon ne ya ɓata min rai

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar Lexus LS430 ya san ba don sauƙin mai yake riƙe da ita ba, injin V8 mai lita 4.3 ba ya tausayin aljihun kowa. Don laushinta da shirunta ake haƙuri da ita. Tawa ƙirar 2005 ce, kuma tun da ta zo hannuna ban taɓa samun shirun da ake ta yabo ba. Da na haura kilomita 60 a awa sai wani gurnani ya taso daga baya, yana ƙaruwa da gudu, har ya zama kamar an kunna injin markaɗe a cikin but. Makaniken farko ya ce boris ne. Aka canja, kuɗi suka tafi, ƙara tana nan daram.

Wani dattijon makanike a Ƙofar Ruwa ne ya gano matsalar, bai ma kwance noti ko ɗaya ba. Ya durƙusa ya shafa tafin hannunsa a kan tayar baya, ya ce, “Alhaji, kawo hannunka ka ji.” Zanen ya cinye hawa-hawa, nan tudu nan kwari. Sannan ya goge gefen tayar da tsumma ya nuna min wani ɗan tambari, dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a tsakiya. Ashe tayoyin hunturun Turai ne guda biyu a baya, irin waɗanda ake yi da roba mai laushi domin ƙasar da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7. A Kano kuwa watan Afrilu zafi yana taɓa 40, kwalta ta fi haka nesa. Na gaban su ma kowace da kamfaninta. A takardar kwastan an haramta shigo da tayoyin gwanjo na ƙananan motoci, amma kowa ya san abin da ke jibge a bakin titi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, abin da jirgin ruwa ya sauke shi muke sa wa motocinmu, mai kyau da marar kyau.

Da na ce zan canja duka huɗun, masu ba da shawara suka yi yawa. Ƙanena ya dage in koma wili mai inci 18, wai motar za ta fi kyan tsayuwa. Na ƙi. Tawa 225/55R17 take ɗauka, wato tsayin gefen tayar kashi 55 cikin ɗari ne na faɗinta, kusan milimita 124. In na koma 245/45R18 zai dawo 110. Wannan robar ta gefe ita ce ke fara shanye rami kafin ya kai ga shokazoba, to me zai sa in rage ta a titunanmu? Masu LS430 ta farko-farko mai inci 16, wadda ke ɗaukar 225/60, ku riƙe abinku, kun fi mu jin daɗi. Wani mai shago kuma ya so ya tallata min irin wadda ake ci gaba da tafiya a kanta ko ta sace. Gefenta a ƙarfafe yake, tauri gare ta, ba don wannan motar aka yi ta ba. Na duba takardar da ke manne a jikin sababbin tayoyi masu zuwa daga Turai, wadda ke nuna ƙara da lambar desibel. Wannan lambar ƙarar da mutumin da ke tsaye a gefen titi ke ji take aunawa, ba wadda ke shigowa cikin mota ba, amma dai tana ba ka haske. An nuna min Bridgestone Turanza, an nuna min Continental, duka masu suna ne. Na tsaya a kan Michelin Primacy 4 saboda ita na samu guda huɗu cif a sayizina, kuma wani abokina mai Mercedes ya daɗe yana yaba ta. Kuɗin kuwa kun san yadda taya ta koma tun da aka saki naira a 2023, ba sai na tayar muku da hankali ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na biya.

Tafiyar farko Zariya na yi, da mahaifiyata a baya za mu gaishe da 'yar'uwarta. Tun daga Na'ibawa na fara jin bambanci, amma sai da muka hau gadar Tamburawa na tabbata. Mahaɗar nan ta gada da a da ke dukan motar har cikin kujera, yanzu ɗan tif kawai na ji daga can ƙasa. Muka wuce Kura, titi ya miƙe, na kai 90, babu gurnani, babu komai sai iskar esi. Hajiya mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, a da in tana baya sai na waiwaya na ce “Na'am, Hajiya?” kafin in gane abin da ta ce. Ran nan hira muka yi sosai, ta ba ni labarin dangin mahaifinta na Tudun Wada tun daga kakanni, ban ce ta maimaita ko kalma ɗaya ba. Da ta gaji na sa mata karatun Alƙur'ani a hankali, kuma a hankalin ya ishe mu. Ita da kanta ta ce, “Kai, wannan motar ka canja ta ne?” Wallahi na ji daɗin wannan tambayar. A raina na ce ko nawa na biya sun halatta, kuma na ƙudurta ina dawowa zan turo wa mai shagon duk wanda na sani.

Bayan Kwanar Dangora na ɗan ƙara wuta. Ina taɓa 110 sitiyari ya fara rawa a hannuna. Ba sosai ba, amma a mota irin wannan ko ƙaramin motsi sai ka ji shi. Na sassauta ya daina, na ƙara ya dawo.

A Zariya na tsaya wurin wani mai faci ya sa geji. Hamsin. Kowace taya 50 aka ɗura mata! Takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba talatin da 'yan kai ta ce, kuma ita ce magana. Yaran shago lambar da ke jikin taya suke karantawa, alhali waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Mai facin ma da na ce ya rage sai da ya yi min musu, wai “Oga, babbar mota ce, za ta kwanta.” Na sa ya rage. Laushi ya ƙaru ƙwarai a hanyar dawowa, har na yi mamakin ashe da sauran daɗi a gaba. Amma rawar sitiyari tana nan a 110.

Na koma wurin dattijon nan. Ya tura ni inda ake balansin da na'ura mai kyau, ya biyo ni da kansa, Allah ya saka masa da alheri. Uku suka zauna lafiya da 'yar dalma kaɗan. Ta gaba ta gefen direba kuwa, da aka cire ta sai ga dalma jere a cikin wilin, an liƙa an liƙa har ba kyan gani. Aka ɗora ta a na'ura tana juyawa, da ido kana ganin tana ɗan tsalle. Dattijon ya sa yatsa a kan lambobi huɗun nan na ƙarshen layin DOT da ke rubuce a gefen taya, masu nuna lokacin da aka yi ta, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Sauran ukun 1124, mako na 11 na 2024. Wannan 3619. Tun 2019 aka yi ta.

Abin da ya ƙona min rai shi ne na duba. Kafin in tura kuɗi sai da aka jero min huɗun a ƙofar shago na karanta lambar kowace da idona, duka 2024. Aka kira azahar, na tafi masallacin da ke bayan layin, na dawo na tarar an ɗaura su an shafe su da man ƙyalli suna sheƙi. A tsakanin alwala da sallama aka musanya min ɗaya. Mai shagon nan fa, mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi a wasu lokutan, wanda ke ce min “Alhajina” tun daga nesa.

Da na je masa da maganar bai ko ji kunya ba. Cewa ya yi, “Haba Alhaji, ai sabuwa ce dal, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Taya ba ta tsufa sai an hau ta.” Na ce, “Malam, in haka ne me ya sa ba ita ka nuna min ba da farko?” Ya ce yaro ne ya ɗauko daga sito bisa kuskure. Na ce to wa ya liƙa mata dalma har wannan yawa, shi ma kuskure ne? Wanda ya yi balansin nan ya ga tana tsalle, ya san abin da yake rufewa. Sai ya koma cewa wilina ne ya lanƙwashe. Aka ɗora wilin shi kaɗai a na'ura a gabansa, lafiyarsa ƙalau.

A gaskiya ba shekarun kaɗai ne suka dame ni ba. Kamfanin Michelin da kansa cewa yake a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai 5 ana amfani da ita, a sauke ta in ta kai 10 daga ranar da aka yi ta. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra tamu kuwa shekara 4 suke faɗa, kuma wannan lambar suke karantawa in sun tsayar da kai, ka ga da tuni na shiga hannunsu da tayar da na saya a matsayin sabuwa. Babbar matsalar ita ce ajiya. Na leƙa siton nasa: kwantena ce ta ƙarfe a tsakiyar rana, tayoyi a kwance an ɗora wasu kan wasu har rufi. Wadda ta shekara da shekaru a ƙasan wannan tulin cikin wannan zafin, ta yaya za ta fito a zagaye? Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama masu cusa taya cikin taya don su rage kuɗin kwantena, saboda hakan na lalata ta tun kafin a sayar. Laifin ba na wanda ya ƙera ba ne, 'yan'uwanta uku ga su nan lafiya lau.

Sai da maƙwabtansa na layi suka sa baki, wani dattijo a cikinsu ya ce masa, “Ka ji tsoron Allah, ka canja wa bawan Allah kayansa,” sannan ya yarda. Ko da ya yarda ɗin ma sai ya ce babu irinta a ƙasa, sai an kawo daga Legas. Na yi ta sintiri, yau gobe, yau gobe, ina yawo da safaya a gaba. Ranar da ta iso kuma ya ce kaya sun tashi, sai na yi ciko. Ciko a kan tayar da na riga na biya! Na ba shi don in rabu da shi, amma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma wurin cirewa da mayarwa yaransa suka sa ƙarfe suka kankare min bakin wili, wilin asali na kamfani da ya shekara kusan 20 ba tabo. Bawul ma tsofaffin suka mayar min, sai daga baya na sa aka canja a wani wuri.

Yanzu da huɗun suka zama daidai, motar ta zama abin da ake faɗa. Har 120 sitiyari ba ya motsi. Ruwan sama ya same ni a hanyar Wudil, na taka birki ta tsaya cak ba tare da wani zamiya ba. A kan kwalta mai gautsi, irin wadda aka watsa wa tsakuwa, ana ɗan jin shuu, wannan kam babu tayar da za ta hana. Dattijon makaniken ya kuma sa na canja shokazoba na baya aka yi alaimen, domin a cewarsa su ne suka sa tsofaffin suka cinye hawa-hawa, in ba a gyara ba sababbin ma haka za su bi. Wannan wani kuɗin ne daban, ku sa shi a lissafi tun farko in motarku ta manyanta.

Tayar dai ina yaba ta, duk mai LS430 ko Lexus ES ko tsohuwar Mercedes da ke neman shiru zai ji daɗinta. Amma da aka tambaye ni a majalisa ko in sake saye, sai na ji na kasa cewa e kai tsaye, saboda abin da ya fara zuwa min a rai ba hanyar Zariya ba ce, fuskar mutumin nan ce yana ce min taya ba ta tsufa. Gyaran wilin da ya yi alkawari har yau shiru. Kwanan baya na bi ta layin, sai ga waccan tayar a ƙofar shagonsa a sahun gaba, an sake shafe ta da mai. Na tsaya na duba don in tabbatar, ita ce, 225/55R17, lamba 3619. Duk wanda aka miƙo wa ita a Kano ya mayar musu da abarsu.