Saitin gyaran birkin baya na Peugeot 504 fikof: abin da yake magancewa da abin da ba ya iyawa

Fijo 504 fikof da wagon birkin bayansu na dirom ne, kuma masu kayan gyara suna sayar da saitinsa a kwali ɗaya: takalman birki huɗu, silinda biyu (masu tura takalman da ƙarfin man birki), sifirin da ƙusoshin da ke riƙe takalman. Saitin ya fi sayen takalma kaɗai, nesa ba kusa ba. Tsohon sifirin da ya sha zafi ba ya janye takalmi yadda ya kamata, sai birki ya riƙa gogar dirom, taya ta yi zafi, sabon layinin (fatar takalmi da ke gogar dirom) ya ƙone tun bai yi aiki ba.

Amma kafin a biya kuɗi, a fara auna dirom. Yawanci akwai lamba a jikinsa da ke nuna iyakar faɗin cikinsa. Idan ya cinye har ya wuce wannan lambar, sabon takalmi ba zai zauna daidai ba, tsakiyarsa kawai zai taɓa, feda ta yi nisa. Idan zane ne marar zurfi, ko ɗan tudun da ke fitowa a baki, mai injin sassaƙa ƙarfe zai share shi. Idan feda na rawa a ƙafa lokacin taka birki, mai yiwuwa dirom ya karkace. Wanda ya tsage kuwa babu batun walda, sai canji.

Inda saitin mai araha ke ba da kunya shi ne silinda. A ɗaga robar bakinta tun a shago, a duba ko akwai tsatsa, a gwada zaren notin bututun man birki, don wasu ba sa shiga sai da ƙarfi, daga nan yoyo ke farawa. Layinin da aka manna da gam ma a dube shi da kyau; in gefensa ya ɗago ko kaɗan, a mayar. Wani kwalin kuma babu sifirin a ciki sam, a buɗe a ƙirga.

Wajen ɗaurawa, a kwance gefe ɗaya a bar ɗayan ya zama abin dubawa, amma dole a canja duka biyun. Kada a hura ƙurar da iska, tsofaffin layinin na iya ɗauke da asbestos. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Idan an tarar da man giya a cikin dirom, sil ɗin aksil ne ya mutu, kuma ba ya cikin saitin. Ba a canja shi ba, sabon takalmin ma zai jiƙe. Giris ɗan kaɗan, a wuraren da ƙarfen takalmi ke gogar farantin da ake ɗaura takalman a kansa kawai. Fetur ko baƙin mai kada ya kusanci robar silinda, kumbura take yi.

A daidaita takalma tukuna, sannan wayar birkin hannu. Masu gaggawa sukan ja waya don ɓoye nisan feda, abin ba ya ɗorewa. A zuba sabon man birki DOT 4 daga rufaffiyar kwalba, a fitar da iska daga bututun birki, a fara daga tayar da ta fi nisa da babbar silinda, wadda feda ke turawa. Kilomita 200 na farko a riƙa taka birki a hankali, ba da lodi mai nauyi ba, sannan a sake duba daidaiton takalman.