Shekara biyu da rsyslog a Maraɗi, da ranar da faifan sabarmu ya cika

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sari a nan Maraɗi, masu kawo shinkafa da mai da taliya suna rarraba wa 'yan kasuwa. Saba ɗaya gare mu a mangaza, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, tana aiki da Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ita ke riƙe da lissafin kaya da fitar da faktir. Babban biro yana Yamai, kuma can suka ce lalle duk log ɗin da sabarmu ta rubuta a tura musu kwafi. Log shi ne ɗan littafin da na'ura ke rubuta wa kanta: wa ya shiga, da ƙarfe nawa, me ya lalace. Manhajar da ke wannan aikin ita ce rsyslog, wadda wani Bajamushe, Rainer Gerhards, ya fara a 2004. Kyauta ce, kuma da ita na tarar da sabar.

Wanda ya san rezo a garin nan ya san ba a yi masa alkawari. Ga ɗaukewar kuran, ga iskar damina. Shi ya sa tun farko na yi watsi da UDP, wanda ke jefa saƙo ya wuce ko an karɓa ko ba a karɓa ba, na koma TCP, wanda ke sake tura abin da ya ɓace a hanya, ta ƙofa 514, wato lambar mashigar da saƙon ke bi. Na kuma kunna layin jira: na ba shi suna da queue.filename, na sa action.resumeRetryCount ya zama -1, wato ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar Yamai har abada. Idan hanya ta yanke, saƙonni su taru a ƙwaƙwalwar saba, in ta kusa cika su sauka kan faifai, hanya na dawowa su wuce. Fiye da shekara ɗaya ban sake buɗe wannan fayil ba. Kuran ya ɗauke sau nawa, rezo ya faɗi sau nawa, ban taɓa jin mutanen Yamai sun ce ga giɓi ba. A wannan fannin na yaba masa ƙwarai.

Sai wata Litinin, ranar kasuwa, motoci uku a bakin mangaza ana jiran lodi, mai karɓar kuɗi ya kira ni: "Malam, faktir ta ƙi fita." Ko minti biyar ba a yi ba Alhaji da kansa ya bugo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan bisa hanya," alhali ban san abin da zan tarar ba.

Umarnin df -h, mai duba cikar faifai, ya nuna faifan giga 40 ya cika maƙil, PostgreSQL, ma'ajiyar bayanan lissafinmu, ba shi da inda zai rubuta ko harafi. Hankalina ya fara zuwa /var/log, ɗakin da ake ajiye log, don nan kowa ke fara zargi, amma logrotate, mai rage tsofaffin log, na ta aikinsa, wurin bai kai giga biyu ba. Na bi da umarnin du, mai auna girman kowane ɗaki, ɗaki-ɗaki har na faɗa /var/spool/rsyslog, inda layin jira ke sauka. Fayiloli sama da dubu ashirin da biyar, kowane kusan mega ɗaya, masu lamba a jere tun daga 00000001, da wani ƙarami mai ƙarewa da .qi. Logrotate ba ya leƙa wannan ɗakin sam, ba hurumin sa ba ne.

Abin da ya faru kuwa, kwana goma sha tara kafin nan an canja na'urar rezo a Yamai bayan tsawa ta ƙona tsohuwar, wanda ya haɗa sabuwar bai buɗe ƙofa 514 a katangar tsaro ba. Ni kuma, don in faɗi gaskiya, na bar manhajar lissafi tana zuba log na matakin debug, wanda ke rubuta kowane ƙaramin motsi, tun wani gyara da na yi, na manta ban rage ba. Ga shi kowane saƙo in ya shiga layin faifai ya fi girmansa na asali, don ana ajiye shi da dukan bayanan da ke tare da shi. Rsyslog bai yi komai ba sai abin da na sa shi. Na ce kada ya zubar da ko ɗaya, bai zubar ba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne girman rumbun. Akwai queue.maxDiskSpace, in ba ka sa shi ba, layin ba shi da iyaka sai iyakar faifai.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya riga ya rubuta umarnin gogewa, yatsansa na kan maɓalli. Na riƙe hannunsa. Fayil ɗin .qi shi ne ke riƙe da lissafin inda aka tsaya karantawa da inda aka tsaya rubutawa. Ka goge rabin fayilolin yana kan aiki, lissafi ya rikice, ka rasa na baya ka kuma jefa na gaba cikin ruɗani. Kuma cikin tarin nan akwai bayanan shiga da fita na kusan sati uku, abin da masu binciken kuɗi za su nema ƙarshen shekara. Na tsayar da rsyslog tukuna, na kwashe ɗakin gaba ɗaya da cp -a zuwa wani faifai, na tabbatar ya kwafu, sannan na share na asali. Faktir ta fita, motoci suka tashi kafin azahar, Alhaji ya daina kira.

Da yamma na ɗaura sabon faifan a kan /var/spool/rsyslog ɗin dai, don ko gobe ya cika ya cika shi kaɗai. A Ubuntu rsyslog na aiki ne da sunan syslog, ba da sunan root, mai cikakken iko a kan na'ura, ba, ni kuwa na bar saman sabon faifan a hannun root. Wannan ɗan sakacin ya ci mini awa guda ina zargin abin da ba shi ba. Bayan an buɗe ƙofa a Yamai na gwada ta da umarnin nc, na tayar da rsyslog, fayilolin suka fara raguwa daga ƙananan lambobi. Dare biyu ya yi kafin ya gama juye su.

Yanzu iyakar layin giga biyar ce. Amma a sani, sa iyaka ba ya kashe matsalar, sauya mata kama yake yi. Idan rumbu ya cika, sabon saƙo zai ɗan jira, da lokacin jiran ya ƙare a yar da shi, kuma wannan jiran na iya sa rubuta log na cikin gida ya yi nauyi. Don haka na ƙara queue.discardMark da queue.discardSeverity, yadda in an matsu za a fara zubar da debug da info, a bar masu muhimmanci. Na kunna impstats yana faɗin tsawon layi, da ɗan rubutun da ke turo mini saƙo a waya in faifai ya wuce kashi 80. Kowane gyara kuma sai na bi shi da rsyslogd -N1, mai duba ko akwai kuskure a saiti, kafin in sake tayarwa.

Inda bai burge ni ba shi ne karatunsa. Salon rubuta saiti iri biyu ne ke yawo, tsoho mai alamar dala da sabo mai action, kuma yawancin misalan da ke intanet cakuɗe suke, wasu ma babu layin iyakar nan. Daga irinsu na kwafo nawa. Wanda Faransanci kawai ya iya, kamar yarona, zai sha wuya ninki biyu, don bayanan da Turanci suke.

Zan ci gaba da shi, kuma reshenmu na Tasawa ma shi zan sa wa. A watan gobe nake son gwada RELP, wata hanyar tura log, don TCP kan iya rasa 'yan saƙonnin da ke kan hanya daidai lokacin da layi ya tsinke, shi kuwa RELP ba ya sakin saƙo sai ɗaya ɓangaren ya ce ya karɓa. Sai dai wannan na buƙatar a buɗe wata ƙofa a Yamai, kuma sati biyu ke nan ina jiran amsa.